Shahon Inna

Aikin ofis aka ce mini. Haka ɗan garinmu da ya yi mini hanya ya faɗa a waya, har da cewa in taho da riguna masu kwala. Na taho da guda huɗu. Ranar da na sauka a tashar bas ta tsakiyar Greensboro, awa uku na yi a kan benci kafin ya zo, da ya zo kuma ko motar bai kashe ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Habu, jefa jakar a baya." Na zagaya baya na tarar da injin yankan ciyawa da manjagara da buhunan taki. A nan na gane irin ofishin. Ba zan faɗi sunansa ba, don uwarsa na da rai, kuma mutuniyar kirki ce.

Ya sauke ni a gidan Alhaji Isiyaka, wani dattijo mutumin zangon Kumasi da ke tuƙa tasi. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi takalmina mai ƙyalli, ya ce, "Kai ma ofis aka ce maka?" Ya ba ni ƙaramin ɗaki da katifa, ya zuba mini wake da shinkafa da yaji. Shi ne mutum na farko da ya tambaye ni ko na ci abinci a ƙasar nan.

Yawancin aikinmu a unguwar Irving Park yake, inda gida ɗaya ya kai girman makarantar firamaren garinmu. Akwai wata tsohuwa da bangon bayan gidanta gilashi ne tun daga ƙasa har sama. A lambunta an rataye kwanonin abincin tsuntsaye goma sha ɗaya, wasu a bishiya, wasu a kan sandunan ƙarfe, ga ɗan kwarmin wanka da ake canza wa ruwa kullum. Aka ce cika su aikina ne. Ran farko na kwance bakin buhu na tsoma hannu, sai na tsaya. Na shinshina, na jefa a baki na tauna. Gero ne. Ya fi namu fari da ƙanƙanta, an gauraya shi da wasu 'ya'yan itatuwa, amma wallahi gero ne.

Ni fa a fadamar Haɗeja na tashi. Tun ina ɗan shekara bakwai nake hawa rumfar tsaron gona kafin rana ta fito, da majajjawa a hannu ɗaya, da igiyar gwangwanaye a ɗayan, ina ihu har muryata ta dishe, don kada tsuntsayen nan jan-baki su sauka. Akwai shekarar da suka fi ƙarfinmu, suka cinye gonar tas cikin kwana biyu, muka rayu a kan rama da ƙuli har kaka ta zagayo. To yau ga ni na ƙetare teku ina zuba wa tsuntsaye gero da moɗa, ina kuma wanke musu wurin wanka. Tsohuwar ta hango ni ina tauna, ta ƙwanƙwasa gilashi ta fito tana cewa wannan ba na mutane ba ne, zai iya sa ni ciwo. Na ce mata to. Tana zaune a bayan gilashin nan da madubin hangen nesa, ta san sunan kowane tsuntsu da lokacin zuwansa. Ni kuwa wata takwas ina gidan ba ta taɓa tambayar daga ina na fito ba.

Ana cikin haka ƙanwata Ladi ta kira ni da damina, ta ce santsi ya kwashe Inna a bakin rijiya, ƙwaurinta ya karye.

Sai na faɗi wani abu game da gidanmu, in ba haka ba za a ɗauke ni mahaukaci. Babanmu maɗori ne. Duk wanda aka kawo masa da karaya, sai an haɗo da kaza. Ya karya ƙafar kazar, ya ɗaura ta tare da ta majinyacin, kara iri ɗaya, mai iri ɗaya. Ranar da kaza ta taka, ranar zai ce wa mutum tashi. Na yi makaranta, na san malamai sun ce camfi ne. Shi kansa Baba a ƙarshen rayuwarsa cewa yake kazar agogo ce kawai, ita ke nuna masa lokacin kwance ɗori. Amma Inna ta yi shekara arba'in tana watsa wa kajin nan tsaki a tsakar gida, tana ganin kaza ta miƙe mutum ya miƙe. Baba ya rasu, kuma a cikin 'ya'yansa ni kaɗai ya koya wa.

Saboda haka asibiti aka kai ta, aka sa mata siminti tun daga gwiwa har idon sawu. Ta kwanta ta juya wa kowa baya, abinci ma sai an yi da ita. Da Ladi ta kara mata wayar, abin da ta ce mini shi ne, "An yi mini ɗori ba kaza. Ɗan maɗorin yana can yana ciyar da tsuntsayen Turawa." Ba ta ɗaga murya ba. Na yi kwana uku maganar na cina, ina cika kwanonin nan ina jin kamar in farfasa su.

Tana da wata guda a kwance abin ya faru. Da safe ne, tsohuwar ta yi tafiya wajen 'yarta. Ina share ganye sai na ji ƙara a jikin gilashi, kamar an jefa ƙullin tuwo. Wani shaho ne ya kawo wa ƙananan tsuntsayen farmaki a wurin cin abinci, ya ga bishiya a cikin gilashi ya ɗauka hanya ce. Ga shi nan a ƙasa, baki buɗe, fiffiken dama ya saki. Ɗan garinmu ya zo ya duba ya ce, "Bar shi nan, ba ruwanmu. Kyanwa za ta ji da shi." Na jira ya koma gaban gida, na tuɓe rigar sanyina na rufa wa shahon. Ya soka mini farce a tafin hannu har sai da na ga wuta. Tabon na nan har yau.

A kwalin talabijin ɗin Alhaji na sa shi, na shimfiɗa masa rigunan ofis guda huɗun nan, a nan dai suka yi amfani. Da Alhaji ya dawo ya leƙa kwalin, sai ya ja da baya.

"Habu, ƙasar nan ba a ajiye abin da ke tashi sama. Suna da asibitinsu, ka kira su."

"Asibitin wa?"

"Na tsuntsaye."

Na yi dariya, dariyar baƙin ciki. Na ce, "Alhaji, uwata ta kwana biyu a kan tabarma kafin a ɗauki hoton ƙafarta. Ni zan kai tsuntsu asibiti? Riƙe mini shi kawai."

Ya yi ta mita, amma ya naɗe shi da tawul ya riƙe. Babu kara a garin nan, sai na saƙa tsinkayen tsire da zare. Man kaɗe kuwa Alhaji na da shi a gwangwani, daga Kumasi aka aiko masa. Na yi bisimilla na laluba ƙarƙashin gashin. Ƙashin ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar busasshen kara, kuma ya karye ne kusa da gwiwar fiffiken. Na ja a hankali, na murza, na ji ya zauna. Shekara shida rabon da in ji wannan a yatsuna. Na ɗaure tamau yadda Baba yake yi, na naɗe fiffiken a jikinsa.

Kashegari na kira Ladi ta bidiyo na ce ta kai wa Inna. Na juya wayar wajen kwalin. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Juyo shi in ga bayansa." Na juya. Ta ce, "Matso da ɗorin." Na matsar. Sai na ga ta yunƙura ta jingina da bango.

"Ɗaurin ubanka ne," in ji ta. "Kuma ba kai ka karya ba, Allah ne Ya karya maka. To, ranar da ya tashi, ni ma zan taka."

Ladi ta ce ranar Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Ya kamata a lokacin in ce mata shaho ba kaza ba ne, kuma ban taɓa ɗaura fiffike ba. Ban faɗa ba. Daɗi nake ji an ce ɗaurin ubana ne.

Sati uku kullum sai ta gan shi. Ta san launin idonsa, ta san zanen da ke ƙirjinsa, ta san yadda yake karkata kai in zai karɓi nama. Ina sayo masa tsokar kaza mai kyau a kantin halal, ina yanka masa ƙanana, ni kuma in ci burodi da shayi. Ɗakin ya yi ta wari, Alhaji ya koma yin salla a falo. Ban taɓa ɗorin ba, don dokar Baba ce, wanda ya yi gaggawar kwancewa zai sake ɗauri.

Ranar da na kwance, ƙashi ya haɗe sumul. Na yi hamdala. Na ajiye shi a tsakar ɗaki na ja baya. Ya buɗe fiffiken hagu gaba ɗaya, na dama kuwa ya tsaya a rabi. Ya yi tsalle ya faɗi a gefe. Ya tashi ya sake, ya sake faɗuwa, sannan ya ja fiffiken ya shige ƙarƙashin kujera. A satin ne aka cire wa Inna siminti. Likita ya ce ƙashi ya warke, sai ta riƙa takawa da sanda, in ba haka ba ƙafar za ta shanye ta zauna ke nan. Inna ta ce ba inda za ta taka. Ladi na kuka tana roƙonta, ita kuwa tambaya ɗaya take yi mini.

"Ya tashi?"

"Saura kaɗan, Inna."

Da Asabar na ce wa Alhaji ya kai ni asibitin nan nasu. Ya ce, "Yanzu? Sati uku ina faɗa maka kana yi mini wa'azi. Motar nan ita ce abincina, ba zan ɗauki abin da ɗan sanda zai tambaye ni ba." Na ɗauki kwalina na fita ban yi masa sallama ba. Na shiga bas daga tasha har inda ya ƙare, direba ya ce nan ne iyaka. Wurin yana can bayan Pleasant Garden, inda ba a yi hanya don mai ƙafa ba. Na yi kusan awa biyu ina tafiya a bakin kwalta, ƙafa ɗaya a ciyawa, motoci na wucewa suna kaɗa ni. Gidaje can nesa a tsakiyar filaye, karnuka na bina da haushi, ana ɗaga labule ana sakewa. Kuma ko wane gida na wuce, ga kwanon tsuntsaye a rataye cike da gero. Ba wanda ya ce mini ko sannu.

Asibitin wani tsohon gidan gona ne da dogayen kejuna a bayansa. Ina shiga aka karɓe kwalin da hannu biyu. Kafin in goge gumi an ba shaho lamba, an buɗe masa fayil, an auna nauyinsa, an ɗauki hoton ƙashinsa. Minti goma sha biyar, na duba agogo. Ni da injin aski na shinge ya taɓa yanka a yatsa, da tsumma da gishiri na yi jinya. Na zauna a kan kujera ina kallon hotunan mujiya a bango, raina na tafasa.

Sai wata mata ta fito, doguwa mai furfura, hannayenta duk tabo kamar na Baba. Karol sunanta, ita ke riƙe da wurin. Tana riƙe da fayil ɗin, fuskarta ba wasa.

"Wa ya ɗaure wannan fiffiken?"

"Ni."

"Kwana nawa?"

"Sati uku."

Ta rufe ido. Ta ce doka ta hana kowa ajiye irin wannan tsuntsu a gida, ko da da kyakkyawar niyya. Na tsorata, don takarduna ba su da ƙarfin da za su ɗauki maganar doka. Ta lura, ta ce ba wanda za ta kira, ba aikinta ba ne. Ta ja ni gaban hoton ta nuna da biro. "Dubi nan. Ƙashin ya miƙe. Da hannu kawai ka yi wannan?" Na ce da hannu. Ta ce ita ma ba za ta fi haka ba. Sannan ta matsar da biron ƙasa kaɗan. Ta ce gaɓar tsuntsu ba ta jure dogon ɗauri, su nan bayan 'yan kwanaki suke kwancewa su motsa ta su mayar. Ta shahon nan ta bushe a naɗe. Naman da nake ba shi kuma tsoka ce zalla, babu ƙashi babu gashi, ta ƙara raunana shi.

"Da ka kawo shi ran farko," in ji ta, "da yanzu yana sama."

Na so in zage ta. Na so in ce ku da kuke rataye abinci a gaban gilashi ku ne kuka karya shi. Amma na san wanda ya ɗaure, na kuma san an ce mini in kira su na yi dariya. Na gaya mata labarin Inna da kaza, da Turancina mai ɗingishi, ina jira ta yi murmushin nan nasu. Ba ta yi ba. Ta ce za su gwada sati biyu.

Da na fito, motar Alhaji na tsaye a bakin ƙofa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Shiga, ɗan taurin kai. Akwai ruwa a baya."

Asabar biyu ina zuwa. Ina wanke kejuna, ina yanka ɓeraye ƙanƙararru wa mujiyoyi, ni Habu, da almakashi. Ina riƙe shahon Karol na jan fiffiken a hankali tana auna yadda ya buɗe. Bai ƙaru ba ko da faɗin yatsa. A ta uku ta zaunar da ni ta ce ba zai taɓa tashi ba, gaɓar kuma ciwo take masa kullum. Ta nemi wurin da za a ajiye shi ba ta samu ba. Abin da ya rage allurar da za ta kashe shi ce.

A nan na fashe. Na ce ku ba ni abina in tafi da shi. Ta ce ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Na ce kun iya ba shi lamba da fayil amma ba ku iya ba shi kusurwa ɗaya ya zauna ba? Na ce akwai tsohuwa a kwance tana jiransa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Na sani. Kana so ka riƙe shi, ko in sa wani?" Ni na riƙe shi. Bai ɗauki lokaci ba. Na ji farcensa ya saki safar hannuna, shi ke nan.

Kwana shida Inna na tambaya ina cewa suna koya masa tashi a babban keji, ba a barin waya. Ladi ta ce ƙafar ta fara sirancewa. Ran Juma'a Karol ta kira ni, ta ce gobe za su saki wani shaho da ya warke, in ina so in zo in buɗe akwatin. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Muka je wani fili a bakin daji da hantsi, ganye duk ya zube. Na ba Alhaji wayata.

Ya ce, "Habu, uwa ce fa."

Na ce, "Ɗauka kawai, Alhaji."

Na durƙusa na ɗaga murfin. Shahon ya yi jim, sannan ya buga fiffike ya tashi, ya haye kan bishiyoyi bai waiwayo ba. Na tura wa Ladi bidiyon tun muna filin. Muna cikin mota kira ya shigo. Can la'asar ta yi, Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙafar a miƙe.

"Na gani," in ji ta. "Sau uku Ladi ta kunna mini."

"To, Inna, ya tashi. Saura ke."

"Wutsiyar wannan ja ce."

Na kawar da kai daga wayar.

"Naka wutsiyarsa ruwan ƙasa ce mai zane-zane. Sati uku ina kallonta. Ka ɗauka da ƙafa idona ya karye?"

Alhaji ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Ya mutu ko?" in ji Inna.

"Ya mutu, Inna. Ni na ɓata ɗorin."

Ta gyara zama a kan tabarmar. Ina jin kukan awaki a bayanta, da wani yana daka. Na jira faɗa, kuma da ta yi da na ji sauƙi.

"Tun kana yaro ba ka taɓa yi mini ƙarya ba," in ji ta. "Ko ranar da jan-baki suka cinye gona, kai ka zo ka ce barci ka yi. In har ka kai ga wannan, to abin ya ishe ka a can." Ta juya kai. "Ladi, ajiye wayar nan a kan turmi. Miƙo mini sandar."

Hoton ya karkace, na koma ganin rabin bango da sama. Na ji Ladi na cewa a hankali, Inna, a hankali. Na ji sanda ta daki ƙasa, na ji nishi. Sai kanta ya shigo cikin hoton daga ƙasa, ɗankwalinta ya zame, tana haki, fuskarta duk gumi.

"Ka gani?" ta ce. "To, share idonka, kana gaban mutane."

Ran Litinin na koma Irving Park. Tsohuwar ta dawo, tana zaune a bayan gilashinta. Na cika kwanonin goma sha ɗaya, sannan na ɗauko sabulu na bi gilashin nan ina ja masa layi daga sama har ƙasa, yadda Karol ta ce ana yi don tsuntsu ya gane bango ne. Tsohuwar ta fito da sauri tana tambayar wa ya sa ni ɓata mata gilashi. Na ce ba wanda ya sa ni, kuma sunana Habu, daga Haɗeja. Na ci gaba da jan layina.